LAFIYA UWAR JIKI: Tarin hunturu da maganin kwalba

Hunturu ya kama. Daga Magarya har Dungas iska tana kwaso ƙura. Da dare ana jin wuta a ɗaki, hayaƙi yana shiga ƙirji. Gida kaɗan ne ba a jin tari. Ran kasuwa sai mai gida ya tsaya gaban mai tebur, ya sayi maganin tari na kwalba, wanda ake ce wa siro.

To, a san abu guda: siro ba ya kashe ciwo, lafar da tari kawai yake yi. Tarin mura yakan wuce da kansa cikin sati 1 ko 2. Ruwan ɗumi da zuma da lemun tsami sun isa. Amma jaririn da bai cika shekara 1 ba, ba a ba shi zuma, nonon uwa ne maganinsa.

Babban da zai sha siro, ya saya a farmasi. Kwalbar da ta wuni a rana ba abin yarda ba ce. A duba ranar lalacewa. A auna da murfin awo, kada a kafa kai. Kada a haɗa shi da ƙwayar mura, don sau da yawa duka biyun suna da farasitamol, yawansa kuwa yana ɓata hanta. Wani siro yana sa barci, wanda ya sha kada ya hau babur. Mai kodin a ciki yana kama mutum har ya kasa bari, shi ya sa Nijeriya ta hana shi a 2018.

Yaro fa? Kada a ba shi siro sai likita ya ce. A 2022, a ƙasar Gambiya, yara kusan 70 sun mutu bayan sun sha siro mai guba, ƙodarsu ta tsaya.

Abin da uwa za ta yi shi ne ƙirga numfashin yaro, minti 1, yana kwance lafiya lau ba kuka. Daga wata 2 zuwa wata 11, in ya kai 50, ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ya yi sauri. Wannan alamar ciwon haƙarƙari ce. In ƙasan ƙirji yana faɗawa ciki, ko yaro ya kasa shan nono, a kai shi gidan likita ran nan, kada a kwana.

Babba kuma, in tari ya wuce sati 2, da rama da zufan dare ko jini a kaki, ya je a auna kakinsa. Tarin fuka yana warkewa: magani wata 6 ne, kyauta. Makiyaya su riƙa dafa madara, don shanu ma suna ɗauke da irinsa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba da lafiya.