Wanda Ya Ja Shari'a Shi Zai Biya Kuɗinta

Akwai wani ra'ayi da ya yi kaka-gida a zukatan jama'a, har da wasu masana doka, cewa wanda ya kai ƙara neman diyyar rauni, ko da gaskiya ta tabbata a hannunsa, shi zai ɗauki ladan lauyansa. Kuma a shekarar 2000 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Guinness da Nwoke, ta ƙarfafa wannan fahimta, inda ta ce ɗora wa abokin husuma wannan nauyi bai dace ba. A ganina wannan zalunci ne.

A dubi manomin Maradun da mota ta karya wa ƙafa a hanyar Talata Mafara ana gab da shuka, wanda damina ta wuce bai yi huɗa ba, ya sayar da tunkiya ya biya magani, ya buɗe rumbu ya biya lauya, alhali kamfanin inshorar motar, mai karɓar naira 15,000 a shekara daga masu ƙananan motoci tun Janairun 2023, yana da lauyoyin da ɗage zama ba ya gajiyar da su. Ranar da aka yanke masa arshi, wato diyyar raunin, hidima ta riga ta cinye shi. Saboda haka yawancin masu cewa "na bar wa Allah" rashin hali ne ya sa su faɗa.

Malamanmu na Malikiyya ba su gafala daga wannan mas'ala ba, domin Ibnu Asim, a Tuhfar da alƙalanmu ke hukunci da ita, ya ɗora ladan ɗan aiken alƙali a kan mai neman haƙƙi, amma ya mayar da shi kan wanda ake ƙara idan ya yi taurin kai. Ingila ma, da dokar 1999, ta halatta wa mai nasara karɓo kuɗin inshorar shari'a daga wanda ya faɗi. Kuma da ta janye mafi yawan wannan a 2013 saboda hauhawar kuɗi, sai ta ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan diyyar raɗaɗi.

Ina kira ga Majalisar Dokokin Zamfara da alƙalanmu su tabbatar da ƙa'ida bayyananniya: wanda ya ji wa mutum rauni, sa'an nan ya ja shi da gangan, ya biya diyya, ya kuma biya hidimar neman ta.