Abincin Maroko Ba Baƙo Ba Ne A Ƙasar Hausa

 

Ya 'yan uwana matasa, akwai halaye biyu da nake gani a tsakaninmu game da abincin wasu ƙasashe, kuma duka biyun ba su kwanta mini a rai ba. Wani da zarar an ajiye masa abin da bai saba gani a gidansu ba sai ya yatsine fuska, ya shiga kushe. Wani kuma zai ci ne don ya ɗauki hoto ya watsa a waya, ya dawo gida yana yi wa tuwon mahaifiyarsa kallon hadarin kaji. A ra'ayina jahilci ɗaya ne ya haifi halayen biyu, wato rashin sanin asalin abin da ke cikin kwanonmu. Zan kafa hujja da abincin Maroko.

Karon farko da na ci shi a gidan abinci, a birnin Fas ne, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, domin al'adarsu ce cin kuskus a wannan rana. Aka kawo shi a faffaɗan kwano, an tula kabewa da karas da kabeji da nama a kai, muka kewaye shi kamar yadda ake kewaye akushi. Tukunyar da ake turara shi mai huje-huje ce, ana ɗora ta a kan wata, wato dai madambacin da iyayenmu mata ke turara dambu da burabusko. Sai tajin, wani kaskon ƙasa mai murfi kamar hular malfa, tururi na hawa yana komawa cikin naman har ya yi laushi. Nan ne harshena ya gamu da baƙon abu, don sun haɗa naman rago da busassun 'ya'yan itace masu zaƙi, mu kuwa yaji muka sani a kan nama.

Sauran kuwa kusan duk 'yan gida ne. Burodinsu sunansa khubz, kalmar da ta zama alkubus a bakinmu. Suna da dashisha ta ɓarzajjen hatsi, mu muna da dashishi. Shayinsu mai na'ana'a sunansa atai, ga shi nan muna sha a majalisu. A watan azumi suna buɗe baki da dabino da miyar harira da shabakiya, wadda ake soyawa a tsoma a zuma, duk wanda ya ɗanɗana ta sai ya tuna alkakin gara.

Wannan kamanni yana da tarihi. Ayarin raƙuma ya yi ɗaruruwan shekaru yana ratsa Sahara tsakaninmu da arewacin Afirka, har jar fatar akuya da aka jeme a Kano da Sakkwato ta shiga kasuwannin Turai da sunan fatar Maroko. Ibn Baɗuɗa, mutumin Tanja, ya iso Takedda a 1353, ya kuma ambaci Gobir a labarin tafiyarsa. Hanyar da ta ɗauko alkama da girke-girkenta ita ce ta ɗauko littattafai. Ajurrumiyya da muke fara nahawu da ita, mai ita ɗan Fas ne, ya rasu a 1323. Alƙali Iyad mai Ashafa, wadda ake karantawa a masallatanmu da azumi, a Marrakesh yake kwance tun 1149. Mazhabar Malikiyya da ƙira'ar Warshu da irin rubutun allonmu duk mun yi tarayya da su a kai. To, yaya ɗalibin da ya ƙoshi da iliminsu zai raina kwanonsu?

Ko da babu wannan dangantaka, ladabin Musulunci ya ishe mu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in ya so ya ci, in bai so ba ya bari. An taɓa kawo masa naman damo ya janye hannunsa, ya bayyana cewa ba haramun ba ne, ba a saba da shi ba ne a ƙasar mutanensa, Khalid bin Walid kuwa ya ci a gabansa. Ashe rashin sabo uzuri ne na barin ci, amma bai zama lasisin kushe ba. Tambayar da ta wajaba ita ce ta halacci, musamman a manyan wuraren 'yan yawon buɗe ido inda wasu ke sayar da giya.

Ga masu raina na gida kuma, ku duba ku gani. Abin da Maroko ke ajiye wa baƙo da alfahari girkin kakanninsu ne na ƙauye. A 2020 hukumar UNESCO ta sanya kuskus cikin kayan gadon duniya, bisa buƙatar Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Muritaniya. Mu kuwa a nan Kara da Gwarzo da Kabo, gida nawa ne yarinya 'yar shekara 15 za ta iya turara burabusko ko ta murza alkaki ba tare da an kira tsohuwa ba? In baƙo ya zo, taliyar leda muke rugawa mu sayo, muna jin kunyar dambu. Ranar da tsofaffin nan suka kau, da hannunsu za su tafi.

Shawarata ita ce, in Allah Ya kai ka gaban abincin wasu, ka yi bismilla, ka ci da dama, ka tambayi sunansa da asalinsa. In ka dawo, ka zauna kusa da Inna ko Gwaggo ka yi mata irin wannan tambayar, ka rubuta abin da ta faɗa. 'Yan uwa mata kuma su karɓi madambacin tun masu shi suna da rai.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya sa mu zama masu godiya.