A Bar Yara Su Kwance Rokar

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a gidajenmu da makarantunmu, tun daga Talata Mafara zuwa Bakura har Maradun: duk yaron da aka gani ya duƙufa a kan waya yana wasa, ko dai ya lalace ko yana kan hanya. Uba ya faɗa, malami ya faɗa, mai wa'azi ya nanata. Tana da ƙanwa da ta fi ta illa, wadda ake jefa wa yaro da zarar ya kai hannu kan wata na'ura: "Kai, kar ka taɓa, za ka lalata!" A ganina maganganun nan biyu sun yi mana ɓarnar da wasa bai yi mana ba. Zan kafa hujja da wasan da mutane da yawa za su ce bai shafe mu ba ko kusa, wato wasan harhaɗa roka da tuƙa kumbo zuwa sararin samaniya.

Waya na ɗauke da sharri, wannan ba a musu. Cacar ƙwallo ta cinye jarin samari da dama, kuma akwai wasannin da ba abin da suke koyarwa sai danna allo har asuba. Laifinmu shi ne kuɗin goro da muke yi musu duka, ba tare da mun taɓa leƙa allon mun ga abin da yaron yake yi ba.

To mu leƙa. Akwai wasan waya mai suna Spaceflight Simulator, wanda Stef Morojna ya fitar a 2017. Ba ya buƙatar data bayan an sauke shi. Ana ba ka tankunan mai da injina da kumbo, a ce ka harhaɗa roka ka kai ta sama. Kowa a karon farko yakan miƙe da ita sak, har mai ya ƙare, ta juyo ta faɗo inda ta tashi. Bayan ta faɗo masa sau da yawa, sai yaro ya gane da kansa abin da littafin fiziks ya kasa fahimtar da shi: hawa sama kaɗai ba ya sa abu ya zauna a falaki. Dole a kwantar da rokar a hankali ta yi gudu a kwance, gudun da zai sa duk faɗowar da take yi ta riƙa kuskure ƙasa. A zahiri wannan gudu ya kusa kilomita 28,000 a awa ɗaya, shi ya sa Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke tafiya kimanin kilomita 400 a saman kawunanmu, take kewaye duniya cikin minti 90 ko kusa da haka.

Sai kuma yaron ya ce bari ya ƙara mai. Ya jibga tankuna, rokar ta yi nauyi ta ƙi ɗagawa, domin man da ka ƙara shi ma sai an ƙona wani man an ɗaga shi. Mafita ita ce a gina ta hawa-hawa, duk tankin da ya ƙare a yar da shi. Lissafin wannan matsala ta nauyin mai, Konstantin Tsiolkovsky ne ya wallafa shi a 1903. Malamin makaranta ne a garin Kaluga na Rasha, wanda kunnensa ya samu matsala tun yana yaro, kuma mafi yawan iliminsa shi ya koya wa kansa. Yaron da ya gano wannan a gindin bedi da wayar yayansa, shi muke ce wa ya lalace.

Amma wasan kansa ba shi ne ya fi ɗaukar hankalina ba. Abin da ke biyo baya ne, lokacin da yaro ya ƙoshi da kayan da aka ba shi ya fara neman sauya su. Na taɓa tsayawa a wani shagon cajin waya ranar kasuwa, na ga yara biyu sun haɗa kai a kan allo ɗaya da ya tsage a gefe. Ba wasan suka buɗe ba. Sun shiga ma'ajiyar wayar sun buɗe fayil ɗin da zanen rokar yake ciki, rubutu ne zalla da lambobi: sunan kowane sashe, inda yake zaune, faɗinsa da tsawonsa. Babban ya sauya lamba ɗaya, ya ajiye, suka koma wasan, sai ga tanki ya kumbura ya ninka. Ƙaramin ya ce, "Yaya, mayar da shi, ya fi ƙarfin injin." Suka koma. A wajen gyarawa ya goge wata 'yar alama bai lura ba, rokar ta ƙi buɗuwa gaba ɗaya. Ba su jefar da wayar ba. Suka bi rubutun layi-layi har suka gano inda alamar ta ɓace. Mai shagon yana ta yi musu tsawa su ba mutane wuri.

Abin da yaran nan suka yi, wato ka sauya abu ɗaya, ka gwada, ka ga sakamako, ka bi sawun kuskure har ka kama shi, shi ne ainihin aikin mai rubuta manhaja da na injiniya. Masu wasa suna kiran irin wannan gyara da ƙari mod, kuma manyan abubuwa sun fito daga cikinsa. Counter-Strike ya faro ne a 1999 a matsayin gyaran da samari biyu suka yi wa wasan Half-Life. PUBG da samarinmu suka sani sarai, wanda ya jagoranci ƙirƙirarsa, Brendan Greene ɗan ƙasar Ailan, ya yi suna ne wajen yi wa wasan Arma kwaskwarima kafin wani kamfani ya neme shi.

Labarin da ya fi dacewa da mu shi ne na wani wasan harhaɗa roka mai suna Kerbal Space Program. Felipe Falanghe ne ya faro shi a wani kamfanin talla mai suna Squad a birnin Meziko, ya fara fitowa a 2011, aka kammala shi a 2015. Masu shi sun bar ƙofa a buɗe, sai 'yan wasa suka shiga da kayan aikinsu. Duniyar cikin wasan ƙarama ce, kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗin tamu, sai wasu suka rubuta Real Solar System suka mayar da ita da sauran duniyoyi girmansu na gaskiya. Wasu suka yi MechJeb mai tuƙa kumbo da kansa. Wasu suka yi Principia, wanda ke lissafa jan da duniya da wata da rana suke yi wa kumbo a lokaci guda. Duk kyauta. Har kamfanin ya ɗauki wasu daga cikinsu aiki, ya shigar da abin da suka ƙera cikin wasan. A 2014 hukumar NASA ta Amurka ta haɗa hannu da masu wasan aka ƙara masa aikin kamo dutsen sama.

Sai babban kamfani, Take-Two, ya sayi wasan a 2017. A 2019 ya yi shelar kashi na biyu da alkawura masu daɗin ji: za a kafa matsugunai a wasu duniyoyi, za a je wasu taurari, za a yi wasa da abokai tare. Aka ce 2020 zai fito. Aka yi ta ɗagawa har Fabrairun 2023, ya fito bai kammala ba, a kan dala 50, cike da matsaloli, babu ko ɗaya daga cikin manyan alkawuran uku. A 2024 aka sallami ma'aikatan da ke aikin. Waɗanda suka biya suka zauna jiran gawon shanu. Alhali matsugunai da tafiya wasu taurari da wasa da abokai, duka ukun akwai su a tsohon wasan tun da daɗewa, ta hannun masu gyara da ba wanda ya biya su ko kwabo. Wanda ya iya buɗe fayil ya samu abin da yake so shekaru kafin kamfani ya yi alkawarinsa, wanda bai iya ba har yau yana jira.

Mu mutanen wannan yanki ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan, domin muna zaune a gefen Bakolori. An kammala madatsar a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, kuma manoman da suka tashi neman haƙƙin gonakinsu sun biya da jininsu a 1980. An tsara shayar da hekta 23,000, kaso mafi girma da bututun feshi masu aiki da famfo da lantarki. Fasaha ce da aka kawo ta a kammale, aka miƙa mana makulli. Da famfunan suka fara mutuwa babu kayan gyara, babu isassun hannayen da suka san cikinsu, kuma kafin 2003 tsarin feshin ya daina aiki, aka koma dogaro da ɓangaren da ruwa ke gangarawa da kansa ta magudanai. Shekaru aka yi ana jiran a zo a gyara, har sai da aka samu shirin da Bankin Duniya ya tallafa.

Ku kwatanta da ɗan ƙaramin injin ban-ruwa da manomin rani yake ɗorawa a bayan babur. Da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 mai ya yi tsada, manoma da kanikawa a sassan Arewa ba su jira kamfanin da ya ƙera injin ya aiko da sabon samfuri ba. Sun sauya masa hanyar shan mai suka jona shi da tukunyar gas, ya ci gaba da jan ruwa. Injin ya rayu ne saboda akwai waɗanda tun suna yara aka bari suka kwance irinsa, suka ɓata, suka sha faɗan maigida, suka mayar. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abin mamaki, mun yarda da wannan a garejin bakanike, amma da zarar na'urar ta zama waya ko kwamfuta sai mu koma "kar ka taɓa".

Ko a harkar sararin samaniyar ma ƙasar nan ta ɗanɗana duka biyun. NigComSat-1 da aka ƙera a Sin aka harba a 2007 ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar faifan hasken rana, sai da aka jira madadinsa NigComSat-1R har Disamban 2011. Shi kuwa NigeriaSat-X da aka harba a Agustan 2011, injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi da hannunsu lokacin da suke samun horo a kamfanin Surrey na Ingila. Na farkon mun samu na'ura, na biyun mun samu na'ura da mutanen da suka san cikinta.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Za a ce, malam, mutanen da ba su iya zuwa gona, kai kana zancen roka? Ban manta ba. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A Agusta aka kai hari Kwalejin Noma ta Bakura. A farkon Satumba aka ɗebe ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, aka rufe makarantu, aka katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara. To a waɗancan watanni da babu aji, babu sabis, me ya rage a hannun yaro? Abin da ke cikin wayar gidansu kawai, wanda ake turawa daga waya zuwa waya ta Xender. Wanda ke da irin wannan wasa yana da ɗakin gwaji a aljihunsa da ba ya buƙatar malami ko data. Rashin tsaro hujja ce ta riƙe duk wata hanyar koyo da ba ta dogara da gini ba. Kuma ba cewa nake yi yaran Bakura za su tafi wata ba. Hannun da ya saba bin sawun kuskure a fayil ɗin roka shi ne gobe zai bi sawunsa a na'urar sola ta asibiti, ko a famfon rijiyar burtsatse da ya tsaya.

Su ma samarin ina da magana da su. Da yawansu abin da suke nema shi ne kwafin wasan da wani ya fasa ya buɗe duk kayan da ake saya. Wannan cin haƙƙin mai shi ne, sau da yawa yana zuwa da ƙwayar cutar da ke satar bayanan waya, kuma ba ya koya wa kowa komai, domin wani ne ya yi aikin kai ka karɓa a kammale. Haka masu kwana suna tambayar yaushe sabon kashi zai fito, me za a ƙara a ciki. Ɗan'uwa, abin da kake jira ɗin, ka taɓa gwada ƙera ko rabinsa?

Babban nauyin dai yana kan manya. A makarantu da yawa ɗakin kwamfuta a kulle yake, an lulluɓe na'urorin da leda, ba a buɗewa sai baƙi za su zo ko jarrabawa ta ƙarato, don tsoron kar yara su lalata. Na'urar da ba a taɓawa ita ma mutuwa take yi, ƙura da zafi da tsufa su cinye ta ba ta amfani kowa ba. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023. Gina azuzuwa wajibi ne, amma buɗe ɗakin da aka riga aka gina ba ya cin kasafi.

Garin Mafara yana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, yana da Jami'ar Jihar Zamfara. Akwai manhajar Orbiter da Martin Schweiger, masanin kimiyya a wata jami'a a Landan, ya fitar kyauta tun 2000, kuma a 2021 ya saki dukkan rubutun da aka gina ta da shi ga duk mai son karantawa ko sauyawa. Tana aiki ba tare da intanet ba. Malami ɗaya na sashen kwamfuta da ɗaya na fiziks sun isa su tara ɗaliban sakandare na garin duk Asabar, su raba su rukuni-rukuni, su ba su aiki: ku kai tauraron ɗan'adam tsayin kilomita 35,786, inda zai riƙa kewayawa daidai da juyawar duniya kamar NigComSat-1R, sannan ku sauya ƙarfin injin a cikin fayil, ku rubuto mana abin da ya faru da dalilinsa. In wata kwamfuta ta rikice a hannunsu, su za a sa su sake ɗora mata manhaja, malamin yana tsaye a kansu.