Windows 10 ta yi ritaya, amma kwamfutar gida ba ta mutu ba

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aika gyare-gyaren tsaro kyauta ga Windows 10, manhajar da ke tafiyar da tsofaffin kwamfutoci masu yawa a gidaje da shagunan buga takardu. A Ikara da Makarfi da Kudan, babu abin da ya canza a ido. Kwamfutar malamin makaranta a Hunkuyi tana kunnuwa kamar kullum, haka ma ta ɗalibar makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi. Wannan shirun shi ne haɗarin, domin duk ɓarakar da masu kutse suka gano daga yanzu za ta zauna a buɗe, babu mai toshe ta.

An taɓa ganin abin da sakaci irin wannan ke haifarwa. A watan Mayun 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin gwamnatin Birtaniya, ta hanyar ɓarakar da Microsoft ya riga ya fitar da maganinta wata biyu kafin nan. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda ba su sabunta ba. Kwamfutar da ake shiga asusun banki da ita, ko ake ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibai a cikinta, ba ta fi ƙarfin irin wannan ba.

Shawarar Microsoft ita ce a koma Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021. Sai dai tana da sharuɗɗa: ƙwaƙwalwar RAM ta gigabait 4, ma'aji na gigabait 64, guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma injin Intel na zubi na takwas ko sama, wato wanda aka fara fitarwa a 2017. Kwamfutocin hannu da ake sayowa a Zariya ko Kano da yawansu sun girmi wannan zubi. Ga iyalin da abin shigarsu ya rataya a kan rake ko tumatir, cewa a sayi sabuwa magana ce mai sauƙin faɗa kawai.

A nan ne masu gyara ke shigowa da dabara: a tsallake sharuɗɗan, a cusa Windows 11 da ƙarfi. Dabarar tana aiki, amma Microsoft ya bayyana cewa bai lamunce wa irin wannan kwamfuta samun gyare-gyare ba. Abin da ya fi muni shi ne kwafin sata da ake yawo da shi a filashi, wanda ba a san me aka dasa a cikinsa ba. Wanda ya sa shi don gudun ɓarawo, wataƙila da hannunsa ya buɗe masa ƙofa.

Hanya mafi hankali ga yawancin gidaje ita ce Linux, musamman Linux Mint. Kyauta ce, fuskarta ta yi kama da ta Windows, ba ta neman TPM, kuma zubi na 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Tana zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel, da Firefox na shiga intanet, kuma tana da tsarin madannai na Hausa mai rubuta ƙ da ɗ da ɓ. Filashi guda ya isa a ɗora ta a kwamfutoci da yawa, abin da ke da muhimmanci tun bayan ƙarin kuɗin data da hukumar NCC ta amince da shi a Janairun 2025. Idan aka haɗa da sauya tsohon faifai mai juyawa da na SSD, kwamfuta mai shekara goma takan farfaɗo.

Masu adawa da wannan shawara suna da hujja. CorelDRAW, wadda masu buga katin biki da fosta suka dogara da ita, ba ta da zubin Linux, kuma wasu tsofaffin firintoci sukan yi gardama. Ga irin waɗannan, akwai shirin ƙarin wa'adi na ESU, wanda ke ba Windows 10 gyaran tsaro har 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa saitin kwamfutarsa da asusun Microsoft. Wa'adi ne na shiri, ba mafita ba. Wanda kuma dole ya ci gaba da tsohuwar manhaja bayan nan, to ya raba ta da intanet.

Tsarin aikin a fili yake. A fara kwafe hotuna da takardu zuwa wani ma'aji daban. A gwada kwamfutar da manhajar PC Health Check. Idan ta cika sharuɗɗa, Windows 11 kyauta ce ga mai lasisin gaskiya. Idan ba ta cika ba, a gwada Linux daga filashi kafin a goge komai. Kuma kada a fara ɗorawa sai batir ya cika ko janareto na aiki, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya hana kwamfutar tashi.

Sauran nauyin yana kan masu gyara da malaman kwamfuta na waɗannan garuruwa. Mai gyaran da ya iya Windows kaɗai zai ci gaba da gaya wa mutane cewa injin lafiyayye ya mutu. Wanda ya koyi ɗora Linux zai ceto wa iyalai kuɗin da ya fi dacewa da taki ko kuɗin makaranta.