Aikin Gwamnati Ba Mutu-Ka-Raba Ba Ne

Akwai wata cuta da ta daɗe tana cin mu, mu Hausawa mazauna Abuja, kuma yau sai na faɗe ta ko da kuwa za a ga baƙina. Cutar ita ce bautar takardar kama aiki. Da zarar Bahaushe ya samu aikin gwamnatin tarayya, shi ke nan an ɗaura masa auren da babu saki a cikinsa. Ko aikin ya daina ciyar da shi, ko ya shekara goma bai ƙaru da komai ba sai furfura, ba shi da ikon ya buɗe baki ya ce ya gaji. Ranar da kuwa ya furta cewa zai ajiye ya kama sana'a, kafin la'asar labari ya isa Funtuwa ko Gusau, a ce maza a nema masa rubutu, maƙiya sun yi masa kurciya. Ni dai na ce ba kurciya ba ce, lissafi ne, kuma lissafin nake so mu yi tare.

Da farko bari mu yi wa iyayenmu adalci, domin ba haka kawai suka ɗauki aikin gwamnati da girma ba. A zamaninsu abin ya cancanci girman. Wanda ya ga ƙarin albashin Udoji na 1974, ya ga yadda akawu ya wayi gari da sabon babur da rediyo, ba za ka iya gaya masa akwai abin da ya fi aikin ofis ba. Haka kuma lokacin da aka dawo da fadar gwamnati daga Legas zuwa nan, ranar 12 ga Disamba 1991, ma'aikaci na da gidan gwamnati a Garki ko Wuse ko Kubwa ko Nyanya, gwargwadon matsayinsa. To amma a 2003 gwamnatin Obasanjo ta mayar da waɗannan alfarmomi kuɗi a cikin albashi, sannan daga 2005, zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i ke ministan Abuja, aka shiga sayar da gidajen. Duk wanda ya kama aiki bayan nan ɗan haya ne kamar kowa, kuma a garin da mai gida ke neman kuɗin shekara a dunƙule. Matsalar ita ce har yau da hoton 1974 ake ba mu shawara, alhali kiɗa ya daɗe da canzawa.

Mai karatu, ɗauko alƙalami. A 2011 mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, wanda a canjin lokacin ya haura dala ɗari. A 2019 aka mayar da shi 30,000. A Yulin 2024 aka sa hannu kan 70,000, amma a canjin wannan shekarar bai kai dala hamsin ba. Wato lambar ta ninka kusan sau huɗu, abin da take saye kuma ya ragu. Na san mai digiri ya fi haka ɗauka, amma iskar da ta kaɗa na ƙasa ita ta kaɗa na sama da shi. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 a gidajen man Abuja ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, a Oktoban 2024 kuma ta haura 1,000. Yanzu ka tuna a ina yawancinmu muke kwana: Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa, Suleja da Madalla a jihar Neja, ko Zuba da Gwagwalada. Mutum ya yi asuba ya fito, ya sha cunkoson Nyanya ko na hanyar Kubwa, ya isa Sakatariya a gajiye, ya sa hannu a rajista, ya zauna jiran fayil ɗin da ba zai zo ba, da yamma ya sake bin layin mota. In ya cire kuɗin mota da na haya, abin da ya rage ba ya kai shi tsakiyar wata. Wai shin wannan shi ne rufin asirin da ake ce mana kar mu kuskura mu saki?

Sai a ce maka ka yi haƙuri, gaba za ta yi kyau. To mu duba gaban. Mai digiri yana farawa ne daga mataki na 8. Bisa ƙa'ida sai ya shekara uku kafin kowane ƙarin girma har ya kai mataki na 15, daga nan kuma shekara hurhuɗu. Ko da bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, ko da kullum akwai gurbi, sai ya haura shekara 25 kafin ya taka mataki na 17, inda daraktoci suke. Kuma kujerun daraktan nawa ne a ma'aikata guda? A shekara 60 da haihuwa, ko 35 da fara aiki, duk wanda ya riga zuwa, za a ce masa an gode. Wanda yake son aikinsa, yake ganin amfanin da yake yi wa jama'a, wannan jira ba komai ba ne a wurinsa, kuma ina yi masa fatan alheri, domin ƙasa ba ta tafiya sai da irinsu. Da wanda nake magana shi ne wanda tun daren Lahadi gabansa ke faɗuwa, wanda ya san hannunsa na iya wani abu amma ya zauna yana ƙirga kwanakin wata.

Hujja ta biyu da ake tsorata mu da ita ita ce tabbas. Wai aikin albashi tabbas ne, kasuwa kuwa caca. Ku tambayi ma'aikatan kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways, wanda ya durƙushe a 2003. A 2018 an amince a biya su wani kaso na haƙƙinsu, bayan da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Ku tambayi dubban ƙananan ma'aikata, masinjoji da direbobi da masu shara, da aka sallama a gyaran ma'aikatu na zamanin Obasanjo. Ku tambayi ma'aikatan banki, waɗanda suka ga bankuna 89 sun koma 25 a 2005, ko na bankin Heritage da aka soke lasisinsa a Yunin 2024. Ku leƙa Kakuri a Kaduna ku ga abin da ya rage na masaƙun da suka ciyar da dubban gidaje. Duk waɗannan mutane an taɓa yi musu barka da samun aikin dindindin.

Hujja ta uku kuwa, wato “za ka yi asarar fanshonka”, ta daɗe da mutuwa, sai dai ba a kai wa mutanenmu ta'aziyyarta ba. Tun dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, kuɗin fansho yana taruwa ne a asusun da ke ɗauke da sunanka: ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, wanda kake wa aiki ya zuba aƙalla kashi 10. In ka bar aikin, asusun bai bar ka ba. Doka ma ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba, in ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, ya ciri har kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara. Ban ce kuɗin zai sa ka kuɗance ba. Na dai ce sarƙar da ta ɗaure iyayenmu a kan kujera har tsufa, ba ita ce a ƙafarmu ba.

Yanzu bari in zo inda na san za a ji haushina. Yawancin masu ce maka kar ka ajiye, shawarar da suke bayarwa a asirce ita ce: riƙe aikin, ka riƙa leƙawa sau biyu a mako, sauran kwanakin ka yi kasuwancinka. Wannan su ke kira wayo. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar inda aka zayyana ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko wata sana'a ta kansa, in ban da noma. Ko da ma doka ba ta hana ba, da wane suna za mu kira albashin da aka karɓa ba a yi aikinsa ba? A 2024 sai da Shugaban ƙasa ya ba da umurnin a karɓo kuɗi daga waɗanda suka koma ƙasashen waje amma suna ci gaba da cin albashi, muka yi ta Allah wadai. Ina bambancinsu da wanda ke zaune a shagonsa a Wuse, sunansa kuma na cikin rajistar ma'aikata? Nisa ne kawai. Abin mamaki, al'ummar da ke ganin wanda ya ajiye aiki a fili a matsayin mahaukaci, ita ce ke yi wa mai cin taura biyu kirari. Ga kuma matasanmu masu digiri suna yawo da takardu ofis-ofis, gurbin da za su shiga wani ya danne shi da ƙafa ɗaya.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, ban ce kasuwar Abuja aljanna ba ce. Garin nan ba ya jin kunyar talaka. A Oktoban 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, dubban 'yan'uwanmu suka koma gefen gari. Rusau ya cinye shagon mutane da yawa a dare ɗaya. 'Yan canjin Wuse Zone 4, sana'ar da mutanenmu suka yi suna a kanta, sun ga Babban Banki ya daina sayar musu da dala a 2021, a Maris 2024 kuma ya soke lasisin kamfanonin canji fiye da 4,000. Saboda haka wanda ya ajiye aiki don fushi da shugabansa, ko don ya ga abokin karatunsa ya sayi mota, ya ga hadari ne ya yi wanka da kashi.

Ni kaina na yi shekaru a wata ma'aikata kafin in rubuta takardar ajiye aiki in koma haɗa wutar sola, don haka ba labarin kanzon kurege nake ba ku ba. Abin da na tsaya a kai, kuma nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni, abu huɗu ne. Na ɗaya, ka koyi sana'ar tukuna. Ni ranakun Asabar da Lahadi da hutun shekara na yi ta bin wani ubangida ina ɗaukar masa tsani da batir, ban karɓi ko kwabo ba, yaran da na girme su suna gyara mini kuskure. In girman kai ba zai bar ka ka yi wannan ba, zauna a ofishinka. Na biyu, ka biya hayar shekara, ka ajiye abincin watanni, domin sabuwar sana'a ba ta san ƙarshen wata ba. Na uku, ka zauna da uwargida ka buɗe mata lissafin duka, don ita za ta fara jin zafin canjin a tukunya, sannan ka je gida da ƙafarka ka yi wa iyaye bayani, kada su ji a bakin duniya. Na huɗu, ka fita ta ƙofa: ka ba da sanarwa kamar yadda ƙa'ida ta ce, ka miƙa fayil-fayil da makullai, ka karɓi takardarka. Wanda ya sulale ya bar sunansa a jerin albashi bai bar aiki ba, ya canza salon cin amana ne kawai.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muka manta ko mu su wane ne. Kakanninmu da ƙafa suka je Gwanja fataucin goro, suka kafa zango daga Kumasi har Yawunde, ba wanda ya ba su takardar kama aiki. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga goro ya koma gyaɗa da ya ga jirgin ƙasa ya iso Kano. Da ya ce shi ba ya canza sana'a, da ba mu san sunansa ba. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne mai albashi a Maru, a zamanin da samun irin wannan aiki sai ɗan gata, amma a 1950 ya ajiye ya rungumi gwagwarmayar NEPU. Ko takardar naira ashirin ka juya, hoton Ladi Kwali za ka gani, mai ginin tukwane, wadda ta yi aikinta a tsohuwar Abuja da muke kira Suleja yau. Ka zagaya kasuwar katako da ta dabbobi a Dei-Dei, ko ta kayan marmari a Zuba, ka ga mutanenmu da ke aurar da 'ya'ya, suna gina gidaje a garuruwansu, ba su taɓa ganin takardar albashi ba. Amma har gobe in ɗayansu ya zo neman aure tare da mai mataki na 8, sai ka ji ana raɗa cewa a ba ma'aikacin.

Saboda haka ina roƙon dattawanmu na unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin garuruwa: in ƙaninku ya zo ya ce aikin nan ya ishe shi, kada ku fara da salati. Ku tambaye shi me ya iya, wa ya koya masa, nawa ya tara, iyalinsa sun sani ko ba su sani ba. In ya amsa, ku sa masa albarka, ku haɗa shi da wanda zai riƙe hannunsa a kasuwa. In ya kasa amsawa, ku ce ya koma ya yi aikin da ake biyansa tsakaninsa da Allah har ya shirya. Hanya biyun nan duk masu mutunci ne. Ta ukun ce, ta zama a kan kujera ana tsinuwa ana karɓar albashi, nake cewa mu daina kiran ta haƙuri. Allah ya ba mu sana'a mai albarka, ya sa mu dace.