Gasar Faransanci a makarantu: wa zai shirya yaran Jado?

Kamar yadda masu karatu suka sani, shekaru da dama watan Maris ya kasance watan gasar Faransanci a makarantun ƙasarmu. Da zarar ranar 20 ga wata ta gabato, sai ka ga malamai sun ware ɗalibai ana yi musu bitar dikte, ana harda waƙe, ana gwajin wasan kwaikwayo. Ranar kuwa a gidanmu aka haife ta, domin a birnin Yamai ne, ran 20 ga Maris 1970, aka kafa hukumar da daga bisani ta zama ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, bisa ƙoƙarin shugaba Diori Hamani da takwarorinsa Senghor na Sanagal da Bourguiba na Tunisiya. A watan Disamba 2005 ma Yamai ce ta karɓi baƙuncin wasannin ƙungiyar karo na biyar.

To amma al'amura sun sauya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojojin Faransa sun bar ƙasar a watan Disamba na shekarar, ofishin jakadancinta kuma ya rufe. A watan Oktoba 2024 cibiyar al'adu ta Jean Rouch ta koma ɗauke da sunan Moustapha Alassane. A watan Maris 2025 Nijar ta ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar, sannan kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Shi ya sa wasu ke tambaya ko gasar na da sauran amfani.

A ganinmu amsar tana cikin takardar jarrabawa. Yaron da zai zauna BEPC ko BAC da Faransanci ake yi masa tambaya, da shi kuma yake amsawa, ko da darasin lissafi ne ko na kimiyya. Da shi ake rubuta takardar magani a asibiti, da shi ake cike takardun neman aikin gwamnati. Ƙasashen Mali da Burkina Faso, waɗanda su ma suka mayar da shi harshen aiki, ba su daina mu'amala da mu da shi ba. Saɓaninmu da hukumomin Faransa daban, buƙatar yaro ga harshen da ake gwada shi da shi daban.

Inda wannan magana ta fi nauyi shi ne wurare irin su Jado, ƙaramar hukumar da ke can ƙuryar arewa maso gabas, cikin gundumar Bilma ta jihar Agadas, bayan an ƙetare rairayin Tenere. Yaron Shirfa, hedikwatar ƙaramar hukumar, yana tashi ne da Tubanci ko Barbarci a gida. Hausa yakan tsince ta a kasuwa da bakin baƙi. Faransanci kuwa ba ya jin sa sai a cikin aji, daga bakin malami guda. Ɗan Yamai yana ganin harshen a allunan kan titi, yana jin sa a talabijin. Idan aka jera su biyun a gasa ɗaya ba tare da shiri ba, an san wanda zai ci tun kafin a raba takarda.

Ga kuma abin da ke jan yaro daga aji. Tun da aka gano zinariya a yankin Jado a shekarar 2014, dubban mutane suka kwarara can, har gwamnati ta rufe wurin a 2017. Saurayin da ya ga tsaransa ya dawo da mota daga ramin zinariya, da wuya a shawo kansa cewa dikte na da riba. Duk abin da zai sa ɗalibi ya ji ana kallonsa, ana yaba masa a gaban iyayensa, makami ne a hannun malami, kuma gasa na cikin irin waɗannan abubuwa.

Sai dai yadda aka saba shirya gasar yana buƙatar gyara. Abin da aka fi yi shi ne a zaɓi yara uku ko biyar mafi ƙwazo, a tsare su mako biyu ana cusa musu kalmomi masu wuyar rubutu, sauran aji kuwa na zaune. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara goma da ke kammala firamare, ko ɗaya bai cika ba wanda ya kai matakin da ake buƙata a karatu. A 2019 an samu ci gaba, amma har a lokacin mafi yawa ba su kai ba. Kofi guda a ofishin darakta ba ya sauya wannan lissafi.

Don haka muke ganin shirin ya kamata ya fara tun buɗe makarantu a watan Oktoba, kuma ya shafi aji gaba ɗaya: karatu da babbar murya kowace rana, gajeren dikte kowane mako, a gyara shi a kan allo kowa na gani. A fara gasar daga cikin aji, a je tsakanin makarantun ƙaramar hukuma, sannan Bilma, sannan Agadas, don kada tsadar hanya ta hana yaron karkara shiga matakin farko. Malamin ma a shirya shi, musamman malaman kwantaragi da ake turawa nesa ba tare da isasshen horo ko littattafai ba.

Na biyu, kada a kori harshen gida daga shirin. Tun 1973 Nijar ta fara gwajin makarantu masu harshe biyu a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa, dokar 2001 kuma ta lissafa Tubanci da Barbarci cikinsu. Yaron da ya fahimci labari da harshen uwarsa ya fi saurin mayar da shi Faransanci. Ana iya sa fassara ta zama rukuni guda na gasar: yaro ya karɓo tatsuniya daga kakarsa, ya rubuta ta da Faransanci, ya karanta a gaban jama'a.

Na uku, ɓangaren al'adu. Ba dole ba ne a tambayi ɗan Jado sunayen sarakunan Faransa. Muna da marubutan da suka yi rubutu da wannan harshe a kan ƙasarmu, irin su Boubou Hama, da Idé Oumarou, da Abdoulaye Mamani mai littafin Sarraounia na 1980. Ga tsohon birnin Jado da na Jaba a gaban idon yaran, ga dabino, ga tarihin ayarin gishirin Bilma. Ɗalibin da ya iya bayyana waɗannan da Faransanci mai kyau ya mallaki harshen ke nan.

Saura batun wanda zai ɗauki nauyi. Kyaututtukan da a da ake jira daga waje yanzu sun rataya a wuyan ma'aikatar ilimi, da ƙananan hukumomi, da kwamitocin iyayen yara, da ƴan kasuwar da suka samu arziki a yankin. Ƙamus da littattafan karatu da fitila mai aiki da hasken rana ba su fi ƙarfinsu ba. Mu ma ƴan rediyo muna da namu rabon, domin ba abin da zai hana gidajen rediyon karkara su ba yara fili su yi karatu iyayensu na saurare. Muna kira ga hukumomin ilimi na jihar Agadas da su sa wannan cikin tsarin shekarar karatu mai zuwa. Allah ya sa mu dace.