Sharhi: Damuwar samari da ta 'yan mata a kudancin Jigawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin kowane yara bakwai masu shekaru 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar da ta shafi ƙwaƙwalwa. Sai dai ba fuska ɗaya matsalar ke nunawa ba, kuma garuruwan Birnin Kudu da Gwaram a kudancin jihar Jigawa misali ne.

Binciken likitoci a ƙasashe da dama ya nuna cewa daga lokacin balaga, ƙuncin rai da fargaba sun fi kama 'yan mata, yayin da damuwar samari ta fi fitowa ta hanyar faɗa da taurin kai da shaye-shaye.

Abin da ke danne su ma ya bambanta.

A ƙauyukan Gwaram, yarinya mai shekara 14 kan haɗa makaranta da talla da aikin gida, ga kuma zancen aure da a wasu gidajen ake yankewa ba tare da an ji ta bakinta ba. Tarbiyya ta koya mata kunya da haƙuri, don haka idan abin ya ishe ta sai ta yi shiru, ta rage cin abinci, ta riƙa kukan ciwon kai.

A idon iyaye da yawa, wannan shirun natsuwa ce.

Shi kuwa saurayi, da an kammala girbi ake sa ran ya tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas. Wanda ya dawo hannu rabbana ya san abin da zai tarar a majalisar abokai, balle a gidan budurwarsa. An ce masa namiji ba ya kuka, saboda haka nasa ƙuncin a titi yake bayyana, inda ake kiransa marar ji.

Ba a nan gizo ke saƙar ba

To amma rabon bai kai tsabtar da ake zato ba.

A shekarar 2017 Majalisar Dattawan Najeriya ta ji cewa ana shan kwalaben maganin tari mai ɗauke da kodin fiye da miliyan uku a kowace rana a jihohin Kano da Jigawa, kuma a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa shi da shigo da shi.

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2019 ya gano cewa mace ɗaya ce cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar, amma a wajen maganin tari, mata sun yi kusan kunnen doki da maza. Dalilin ba boyayye ba ne: kwalba na shiga ɗaki ba tare da wari ko hayaƙi ba.

Idan kuma damuwar 'yan mata ta fashe a fili, sau da yawa ana danganta ta da aljanu. Mutanen Kano ba su manta da Sumbuka ba, wadda a tsakiyar shekarun 1990 ta riƙa kayar da ɗalibai mata a makarantun sakandare. Malamai sun yi ruƙiyya, likitoci kuma na kallon irin wannan a matsayin firgicin da ke yaɗuwa tsakanin mutanen da ke cikin matsi.

Ina za a kai su?

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka.

Birnin Kudu na da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, amma asibitin masu taɓin hankali na jihar yana Kazaure ne, can ɗaya ƙarshen Jigawa, tafiyar da kan bi da mutumin Gwaram ta cikin Kano.

Ko da yana kusa, uba kan yi tunani sau biyu kafin ya kai 'yarsa, domin sunan "mahaukaciya" na iya korar manema. Ɗansa kuma, galibi 'yan sanda ko jami'an hukumar NDLEA kan riga likita ganinsa.